Fatsa a bakin teku da farkon kaka: yadda nake yi a Montauk

Da zarar Litinin ta farko a watan Satumba ta wuce, wato ranar hutun ma'aikata a Amurka, sai masu zuwa shan iska da ninƙaya su naɗe tabarmarsu su koma gari, bakin teku ya zama namu, mu 'yan fatsa. Daga nan zuwa tsakiyar Oktoba babu lokacin da nake ƙauna kamarsa a duk shekara. Ni haifaffen Yauri ne, a bakin Kwara na buɗe ido, tun ina ɗan shekara bakwai nake bin mahaifina duba mamari da asuba. Yanzu shekara goma sha huɗu ke nan ina tuƙin mota a New York, ina zaune a unguwar Bronx. 'Yan'uwa da dama a masallacinmu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi, sun sha tsayar da ni bayan sallar Juma'a suna tambayar yadda ake wannan fatsa ta sanda mai ril, wato abin naɗe zare, da kuma waccan ta gashi wadda ake kira fulai. Yawancinsu da tambayar kuɗin kaya suke farawa. Ni kuwa da ruwa nake fara amsawa, domin wanda ya iya karanta ruwa zai kama kifi da sandar dala sittin, wanda bai iya ba zai dawo da sanyi kawai ko da ta dala dubu ya riƙe.

Ga abin da ke faruwa a wannan lokaci. Duk tsawon zafi ƙananan kifaye suna girma a cikin fadamun gishiri da manyan tafkunan da ke bayan gaɓa. Idan dare ya fara tsawo, ruwa ya fara sanyi, sai su fito ayari-ayari su bi gaɓar Tekun Atlantika su nufi kudu. Akwai ancobi, ɗan siriri da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jikinsa kamar gilashi, yana tuna mini warangin Kainji. Akwai 'ya'yan wani kifi da ake kira banka, masu faɗin ciki, akwai malet da ke fitowa bayan iskar sanyi ta farko. Duk inda waɗannan suka bi, manya na biye da su.

Manyan da muke nema daga gaɓa uku ne. Na farko shi ne striped bass, mu a bakinmu sitiraifa, mai zane-zane baƙaƙe daga kai zuwa wutsiya. Shi ne giwan ruwan wannan gaɓa: yana laɓewa bayan dutse ya jira ruwa ya kawo masa abinci, kuma ya fi cin abinci da dare da sassafe. A mashigin tekun Chesapeake da kogin Hudson da kogin Delaware yake hayayyafa, ya haura arewa da bazara, ya gangaro da kaka. Kada ka raina gaɓa wajen kama babbansa. A daren 21 ga Satumba 1982, ana tsakiyar guguwa, Al McReynolds ya kama mai nauyin laba 78 da rabi yana tsaye a kan katangar duwatsu a Atlantic City, kuma babu wanda ya wuce shi sai a 2011. Na biyu bulufish, wanda duk ɗan Yauri zai gane a matsayin tsagen teku, haƙora kamar reza, ba ya tsoron komai. Na uku albi, dangin tuna ne ƙarami, laba biyar zuwa goma sha biyu, yana zuwa a Satumba ya tafi da zarar ruwa ya yi sanyi sosai. Namansa baƙi ne, ba a cika cinsa ba, amma gudunsa ya sa mutane ke barin aiki su zo nemansa.

Ni Montauk nake zuwa, can ƙarshen tsibirin Long Island ta gabas, kusan mil 120 daga gidana. Ƙasa ce ta yi tsini ta shiga teku, ruwan arewa da na kudu suna haɗuwa a bakinta, don haka duk ayarin kifin da zai wuce sai ya zagaya wannan ƙusurwa. A kan tsinin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1796, tun zamanin George Washington. Kudu da ita akwai wuraren fatsa na Turtle Cove da Camp Hero, arewa kuma North Bar da Shagwong. Idan ba ka da halin wannan tafiya, katangar duwatsun Breezy Point da Jamaica Bay suna cikin birni, har ma Orchard Beach da ke nan Bronx ana samun bulufish da sitiraifa a Satumba. Dokar karanta ruwa ɗaya ce ko'ina.

Abu na farko da za ka saba da shi, wanda babu shi a Kwara, shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu teku ke cika, sau biyu yake janyewa a cikin awa 24 da minti 50, wato kowane juyi yana ɗaukar awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Akwai jadawalinsa kyauta a waya, ka zaɓi tashar da ta fi kusa da inda za ka tsaya. Abin da kake nema shi ne ruwa mai tafiya. Idan teku ya cika ya tsaya, ko ya janye ya tsaya, kifi ma yakan daina ci; lokacin shan shayi ke nan. Da ruwa ya fara gudu, ƙananan kifaye sukan rasa ƙarfin riƙe kansu, sai manya su tashi. Mu da muke ƙirga wata saboda azumi da salla muna da sauƙi a nan, domin wata ne ke jan teku. Daren sha huɗu da sha biyar, da kuma kwanakin ƙarshen wata zuwa tsayuwar sabo, ruwa ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Na fi son duhun ƙarshen wata don sitiraifa. A farin wata yakan yi taka-tsantsan idan ruwa garau ne, kifi na ganinka mai jar koma.

Idan Allah ya sa awa biyun farko na janyewar ruwa suka dace da ketowar alfijir, to ranar ba na karɓar fasinja. Ƙarfe biyu na dare nake barin gida. A tsakiyar Satumba alfijir na ketowa wajen biyar da kwata, rana ta fito wajen shida da rabi. Ina yin sallar asuba a gefen mota, alƙibla a nan arewa maso gabas take, wato kana fuskantar tekun da za ka shiga. Ina idarwa sai in sa kaya in gangara.

Kada ka yi jifa da isowarka. Hau wuri mai tudu ka tsaya minti goma kana kallo. Ruwa ba ya tsami banza, kowace alama a kansa akwai abin da ya kawo ta. Ka nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya ya bar layi kamar ɗinki. Ka nemi farin kumfa a bayan dutse. A bakin yashi, inda igiyar ruwa ke fashewa nesa akwai tudun yashi a ƙasa, inda kuma ta wuce ba ta fashe ba, ruwan ya yi duhu, rami ne ko mashiga, nan kifi ke bi. Sai tsuntsaye. Ƙananan farare masu tsinin fiffike, idan suna yawo sama-sama nema suke yi. Idan suka sauko suna tsayawa cak a iska suna dirowa, akwai manyan kifaye a ƙarƙashinsu suna koro musu ƙanana. Idan ka hango ruwa ya yi wani ja-ja kamar an zuba jar ƙasa, ancobi ne suka dunƙule. Wani lokaci ma hancinka ne zai faɗa maka, ka ji ƙarnin mai yana tasowa daga inda ruwa ya yi sulɓi. Sannan ka duba ƙarƙashin ƙafarka: abin da igiyar ruwa ta watso kan yashi yana wutsil-wutsil shi ne abincin yau. Ɗauki ɗaya ka auna shi da yatsanka. Tsawonsa shi ne tsawon koton da za ka ɗaura.

Ga wanda zai fara, sandar jifa mai ril nake ba da shawara, wadda ake kira sifinin. Sanda mai tsawon ƙafa tara ko goma, wadda aka rubuta a jikinta tana ɗaukar rabin oza zuwa oza biyu ko uku. Ril mai lamba 5000, wanda aka yi don ruwan gishiri. Ka cika shi da zaren kitso mai ƙarfin laba 30, a bakinsa ka ƙulla lida, wato zare garau marar launi, tsawon hannu ɗaya, laba 30 ko 40. Don albi nakan rage zuwa laba 20 saboda idonsa da kaifi. Don bulufish nakan ƙara zuwa 50 ko 60, in ba haka ba zai datse ya tafi da kotonka. Ƙulli ɗaya ya ishe ka da farko, ƙullin yuni: ka zura zare a idon ƙugiya, ka dawo da shi ka yi zobe, ka naɗe bakin sau shida a cikin zoben a kan zaren biyu, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali har ya zauna. Irinsa biyu da suka fuskanci juna su ne ke haɗa lida da zaren kitso. Ka koye shi a gida har ka iya yinsa ido rufe, domin cikin duhu da hannu mai sanyi za ka riƙa ƙulla shi.

Koton ƙarya kuwa, shaguna cike suke da shi, amma huɗu nake ɗauka. Na fi dogara da baktel: kan dalma ne mai ƙugiya ɗaya da aka ɗaura wa gashin wutsiyar barewa. Fari nake saye, mai nauyin oza ɗaya, da mai ɗaya da rabi, da mai kashi uku cikin huɗu na oza, in maƙala masa 'yar wutsiyar roba. Yadda ake tafiyar da shi ne mutane ke kuskurewa. Ka jefa shi sama da inda ruwa ke gudu, ka rufe ril da hannu, ka bar shi ya nitse, sannan ka riƙa naɗewa a hankali, a hankali ƙwarai, yadda zai riƙa shawagi ɗan sama da ƙasa. Bayan kowane naɗi uku ko huɗu ka ɗan girgiza kan sanda. Idan kullum yana karo da dutse, ya yi nauyi, ka rage. Idan ko sau ɗaya bai taɓa ƙasa ba, ya yi sauƙi, ka ƙara. Cizon sitiraifa a kan baktel kamar an ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya ne. Kana jin haka ka ɗaga sanda da ƙarfi. Kuma kada ka cire koto daga ruwa da wuri. Kifaye da yawa na kama a taku biyar daga inda nake tsaye, cikin kumfa.

Na biyu ƙarfe ne siriri mai ƙyalli, irin su Deadly Dick ko Kastmaster. Yana tafiya nesa ko da iska na dukan fuskarka, kuma shi ne maganin albi. A nan akasin baktel ake yi: ka jefa gaban garken, ba tsakiyarsa ba, ka fara naɗewa tun kafin ƙarfen ya gama faɗawa, da iyakar saurin hannunka. Ba za ka taɓa fin albi gudu ba. Na uku ɗan kifin roba mai ninƙaya, irin SP Minnow na Daiwa, don dare da duku-duku. Baƙi da duhu, fari ko ruwan ƙwai da safe, a ja shi sannu. Na huɗu mai yawo a saman ruwa yana watsa shi, don lokacin da gari ya fara haske. Duk masu ƙugiya mai baki uku nakan matse ƙayarsu da filaya, ta wutsiya kuma in sauya ta da mai baki ɗaya. Ya fi sauƙin cirewa daga bakin kifi, ya fi sauƙin cirewa daga hannunka.

Fulai daban take. A sifinin nauyin koto ne ke jan zare. A fulai koton ba shi da nauyi, ƙugiya ce kawai da gashi, zaren ne mai kauri da nauyi, shi kake kaɗawa kamar bulala ya ɗauki koton ya kai shi. Wani dattijo ne ya koya mini, tsohon ma'aikacin kashe gobara da muka saba haɗuwa a Turtle Cove. Wata safiya kifi na tafasa a gabanmu, na jefa duk abin da ke jakata ko kallo ba su yi ba, shi kuwa yana gefena yana kamawa ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ya lafa sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini abin da yake amfani da shi: ɗan gashi mai tsawon inci biyu, an lulluɓe kansa da gam mai haske, da 'yan idanu biyu. Ya tsinci ancobi ɗaya a kan dutse ya ajiye kusa da shi. Da ƙyar na bambance su. Ranar na fahimci amfanin fulai: idan kifi ya sa ido kan ƙaramin abinci, babu ƙarfen da zai kwaikwaye shi kamar gashi.

Kayan da za ka nema: sanda mai tsawon ƙafa tara, lamba tara. Ril mai birki mai kyau, da zaren ajiya yadi 200 a ƙarƙashin zaren jifa, domin albi na iya kwashe yadi ɗari a gudu ɗaya. Zaren jifa ka sayi mai nitsewa sannu-sannu, shi ne ke shiga ƙarƙashin igiyar ruwa ya bar ka kana jin kotonka; mai yawo a sama igiyar ruwa ce ke wasa da shi. Lida ƙafa shida zuwa tara, bakinsa laba 20. Sai kwandon zare da ake ɗaurawa a ƙugu, wanda zaren da kake ja ke taruwa a ciki. In babu shi, zarenka zai naɗe a dutse da ciyawar ruwa da ƙafarka. Robar wanke-wanke da igiyar roba sun yi mini wannan aiki shekara uku lafiya lau. Fulai iri uku sun wadatar. Clouser, wadda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 a kogin Susquehanna, tana da idanun dalma da ke sa ta nitsewa tana tsalle. Ka nemi mai launin fari da kore mai haske. Deceiver ta Lefty Kreh, mai dogon gashin kaza, idan 'ya'yan banka ne a ruwa. Sai Surf Candy ta Bob Popovics, mutumin New Jersey, ita ce wadda dattijon nan ya nuna mini.

Kafin ka kai ta teku ka kai ta fili. Ni a ciyawar Pelham Bay Park na koya, da guntun ulu a madadin ƙugiya, rabin awa kullum bayan la'asar har wata guda. Sirrin a tsayawa yake: ka kaɗa sanda baya ka tsayar da ita cak, ka jira zare ya miƙe a bayanka, sannan ka kaɗa gaba ka sake tsayarwa. Mai gaggawa zai ji zarensa ya yi ƙara kamar bulala, fulai ta tsinke ta tafi. Idan hannun dama ya saba, sai ka koya wa na hagu ya riƙa fizgar zare a kowane kaɗi, baya da gaba, wannan ne ke ƙara gudu har ka keta iska. Idan kana iya kai ƙafa sittin da kaɗi biyu ko uku, ka isa shiga ruwa.

A ruwa kuma, bayan jifa ka sunkuyar da kan sanda har ya kusa taɓa ruwa, ka riƙa jan zare da hannun hagu zuwa cikin kwando. Don sitiraifa ja ɗaya mai tsawon kamu, ka dakata, ka sake; yawanci a dakatawar yake kamawa. Don albi ka matse sanda a hammata ka ja da hannu biyu, ɗaya na bin ɗaya ba tsayawa. Idan kifi ya kama, kada ka ɗaga sanda. Na san hannun wanda ya taso da fatsar gora ɗagawa ya sani, amma a nan ɗagawa cire fulai take yi daga bakin kifi. Ka ja zaren da ƙarfi a miƙe, sai ka ji nauyi sannan ka ɗaga. Daga nan idonka ya bar kifi ya koma kan kwando, ka buɗe yatsu ka bar zaren ya fita ba tare da ya naɗe a gindin sanda ba, har ya koma kan ril. A wannan daƙiƙa biyar ake rasa yawancin albi.

Duka biyun nake ɗauka a mota, iska ce ke zaɓa mini wadda zan riƙe. Idan tana kaɗawa daga arewa maso gabas, teku ya yi fari, igiyar ruwa na dukan duwatsu, sifinin da baktel ne. Irin wannan rana sitiraifa ke matsowa har gindin dutse, kuma fulai ba za ta fita ba. Idan iskar arewa maso yamma ta biyo bayan ruwan sama, gari ya yi garau, gefen kudu ya kwanta, ranar fulai ce. Idan ban san inda kifi yake ba, da sifinin nake nema, domin yana cin nisa kuma ina tafiya ina jifa. Na same su kusa suna cin ƙanana, sai in koma fulai. Idan kuma suna cin ƙanana amma sun yi nisa, akwai dabara: ka ɗaura fulai a ɗan reshen zare mai tsawon inci shida, kamu ɗaya sama da kotonka na sifinin. Koton ya kai ta nesa, kifi ya ɗauki fulai. Mai jifa da dama kuma ya kula da iskar da ke dukan kafaɗarsa ta dama, ita ce ke turo ƙugiya cikin ƙeya ko kunne. Ka juya wa teku baya ka saki zaren a kaɗin baya. Tabarau kuwa kada ya bar fuskarka, ko da dare ka sa farare.

A Satumbar bara na kai ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha shida, karo na farko. Mun yi awa biyu ba ko cizo. Wajen ƙarfe bakwai sai tsuntsaye suka taso daga gefen hasumiya, ruwa ya yi ja, sannan ya fashe. Wasoso ke nan. Gadon bayan sitiraifa ɗaruruwa a waje suna birgima kafaɗa da kafaɗa, bakuna a buɗe, ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano, ancobi na tsalle suna faɗowa kan takalmanmu. Yaron ya daskare, ya ce, "Kawu, ina zan jefa?" Na ce masa gefe, ɗana, jefa gefen garken ka bar shi ya nitse, manyan suna ƙasa suna tsintar waɗanda suka ji rauni. Jifa na biyu sandarsa ta lanƙwashe. Da muka jawo shi cikin kumfa na sa tef na auna, inci 34. Ya dube ni, na girgiza kai. Shi da kansa ya riƙe wutsiyar da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin ciki, ya fuskantar da shi igiyar ruwa har ya ji ya motsa da ƙarfi, sannan ya saki.

Dalilin sakin shi ne doka, kuma doka ce da nake goyon baya da zuciya ɗaya. Sitiraifa ya taɓa kusan ƙarewa a shekarun 1980, har jihar Maryland ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985, kuma sai a 1995 aka ce ya farfaɗo. Yanzu ya sake raguwa. Daga 2023, wanda ya kai inci 28 bai wuce 31 ba kaɗai ake ɗauka, guda ɗaya ga mutum a rana, kuma a ruwan gishirin New York daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Disamba ne. Manyan nan kusan duk mata ne, kowace tana zuba ƙwai miliyoyi. Na ga yadda koma mai ƙananan idanu ta rage kifi a ruwanmu na gida, ba na son in sake gani a nan. Bulufish kuma a 2020 an rage shi zuwa uku ga mai fatsa daga gaɓa. Waɗannan lambobi suna sauyawa, don haka ka duba shafin hukumar kare muhalli ta jiha kowace shekara, a nan ne kuma duk wanda ya kai shekara 16 zai yi rajistar fatsar teku, kyauta ce. Wasu wuraren ajiye mota na gandun jiha suna buƙatar takardar izinin dare, ka nema tun kafin lokaci. Masana sun ƙiyasta cewa tara cikin ɗari na sitiraifan da aka saki suna mutuwa daga baya, saboda haka kada ka wahalar da shi da dogon ja, kada ka ja shi kan busasshen yashi, kada ka sa yatsa a cikin kunnuwansa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi. Albi kuwa ba a lallashinsa: ka cire ƙugiya da sauri ka cilla shi ruwa da kai, kamar mashi, gudun ne ke dawo masa da numfashi.

Saura maganar rai. Duwatsun Montauk zagayayyu ne, gansakuka ta lulluɓe su, baƙin dutse ya fi sabulu santsi. Sai da takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, irin Korkers. Idan ka sa wandon roba mai kaiwa ƙirji, ka ɗaure bel a ƙugu tamau, ka ɗora rigar ruwa a kai. Shekarata ta biyu, na juya baya ina sauya koto, ban ɗaure bel ba. Igiyar ruwa ɗaya da ta fi 'yan'uwanta ta ɗauke ƙafafuna, wandon ya cika, na ji kamar an ɗaura mini buhun siminti. Dattijon nan ne ya kamo wuyan rigata. Tun ranar ban ƙara juya wa teku baya ba sai lokacin jifa, shi ma ido na kan kafaɗa. Satumba tsakiyar lokacin guguwar Atlantika ce, guguwar da ke ɗaruruwan mil a teku tana aiko manyan igiyoyin ruwa ko da rana na haskawa, don haka ka duba hasashen teku, ba na gari kaɗai ba. Kada ka tafi kai kaɗai da dare, ka gaya wa iyali inda za ka tsaya da lokacin dawowa. Fitilar goshi ka kunna ta kana fuskantar tudu. Haska ruwa korar kifi ne, kuma zai ɓata maka da maƙwabtanka. Idan ka iske mutum a kan dutse, ka ba shi tazarar jifa, ka yi masa sallama, ka jefa inda yake jefawa don kada zarenku ya sarƙe.

Idan ka samu bulufish za ka ci, da filaya za ka cire ƙugiya, kada yatsanka ya kusanci bakinsa ko da ya daina motsi. Ka yanke shi a maƙogwaro nan take jini ya fita, ka sa shi cikin ƙanƙara, domin kifi ne mai maiƙo, awa biyu a rana sun isa su lalata shi. Ƙanana masu laba biyu zuwa huɗu sun fi daɗi. Wanda aka kama a ruwan da ke kewaye da birni kuma, ka duba shawarar hukumar lafiya ta jiha kafin ka ba yara da mata masu haihuwa. Da na iso gida, kafin in zauna, nakan wanke sanda da ril da ƙugiyoyi da ruwan famfo, in sassauta birki, in shanya fulai a kan taga. Uwargida kuma ta tsaga bulufish ɗin ta baya, ta shafe shi da gishiri da yaji da citta, mu yi bandarsa a ƙaramin murhun gawayi a bayan gida, washegari ya shiga miyar kuka.